Kantar da Gara Ta Gina wa Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, in dai akwai mai sauran kunne a gidan nan.

Ta zo mu ji ta, Goggo!

Za ta zo, amma sai Sallau ya kashe rediyon nan tukuna. Kai Sallau, da kai nake. Gemu ya fito maka, amma kullum kana rungume da akwati mai ihu. Kashe shi ka matso, yau ta ɗan'uwanka zan ba ku.

Kurege ne dai. Wata rana ya tsinci wani tsohon rediyo a juji. Ya ƙwanƙwasa shi, sai rediyo ya yi tari, ya kama magana. Shi ke nan, ciwo ya kama Kurege. Ya je kasuwa sayen gyaɗa, ya dawo da sifika. Ya je ta'aziyya, ya dawo da makirfo. Ya je duba mara lafiya, ya dawo da amfilifaya, injin nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi, mara lafiyar kuwa ko ƙofarsa bai taka ba. Kafin a ankara ga manyan sifiku masu akwatin katako, ga ƙanana, ga batirin mota, ga wayoyi sun cukurkuɗe kamar taliya, ga wata tsohuwar lasifikar ƙarfe irin ta masu tallar magani. Sai ya fara zuwa gidajen biki yana sa kiɗa. Ya ce daga yau kada wanda ya ƙara kiran sa Kurege gatsal, shi Injiniya ne.

Injiniya kuwa a rami yake kwana. Kaya suka cinye ramin, har ta kai in zai kwanta sai ya bar wutsiyarsa a waje. Ga damina ta matso, ramin kuma ko yayyafi aka yi sai ya sha ruwa. Ruwa in ya taɓa kayan nan, sun tashi aiki. Dole a nemi kanta mai hawa-hawa, a ɗaga su daga ƙasa.

Sai ya tafi wurin Biri kafinta.

“Malam Biri, kanta nake so. Doguwa, mai faɗi, mai ƙarfi, mai araha.”

Biri ya auna, ya faɗi kuɗinta. Kurege ya dafe ƙirji.

“Kanta na ce, Malam Biri, ba gida ba.”

“Katako ya yi tsada, Injiniya.”

“Katako ba itace ba ne? Itace ba a daji yake fitowa ba? Kai ka shuka shi?”

“Ƙusa fa?”

“Ka sa ƙaya mana.”

Biri ya ce, “Albarka,” ya ci gaba da goge katakonsa.

Ashe Kura na tsaye a gefe tana huci. Ita ma kanta ta zo nema, ta jere, don za ta aurar da 'yarta. Kuma ita ma irin cinikin da ta yi ke nan.

Ta ce, “Ka dai gani, Injiniya. Kwanuka ne fa za su zauna a kai, ba ni ba! Wallahi a ƙasa za a yi jeren nan, dangin ango su yi ta zumɓura baki.”

“Gaskiyarki, Hajiya. Kafintocin yanzu babu tsoron Allah.”

“Af, dama ina neman ka. Kai za ka sa mana kiɗa ranar biki. Ina son sautin da dangin ango za su ji shi har cikin haƙarƙarinsu. In ka fitar da ni kunya, mun gode.”

“In kuma aka sami akasi, Hajiya?”

Kura ta dube shi tun daga kunne har wutsiya. Ta ce, “Dama naman walimar bai cika yawa ba.”

Kurege ya yi dariya, amma iyakarta haƙora.

Yana tafe yana zagin kafintocin duniya, sai ya yi karo da suri. Ya ja baya ya dube shi. Gini ne dogo, mai tauri kamar dutse, damina nawa ta wuce ta kansa ko gezau. Ya ce a ransa, waɗannan wa ya biya su? Babu. Katako nawa suka saya? Babu. Ƙusa fa? Babu. Nan take wutsiyarsa ta miƙe. Ya ce, “Gayya zan kira!”

Ku 'yan yanzu ba ku san gayya ba. Gayya ita ce ka kira jama'a su taya ka aiki. Ba ka biyan kowa ko sisi, amma cikin kowa a wuyanka yake. Tuwo, fura, kunu, sai kowa ya ci ya ture. To, shi Kurege rabin farko kaɗai ya haddace.

Ya durƙusa a bakin suri ya yi sallama. Uwar Gara ta leƙo.

“Inna, barka da aiki.”

“Barka kadai, ɗan nan.”

“Injiniya, Inna.”

“To, Injiniya. Lafiya?”

“Gayya na zo kira. Kanta za ku gina mini ta kayan sauti.”

“Ka san ƙa'idar gayya dai ko? Mu muna da yawa, kuma ba ma aiki da yunwa. Inda muka yi aiki, nan muke ci.”

“Haba Inna! Gidana ai gidanku ne. Ku ci ku ƙoshi.”

“To, ka faɗa da bakinka.”

“Na faɗa.”

Kurege yana da wani tsohon amalanken ƙarfe. Ya ce a kansa za a yi ginin, don ya riƙa tura kantarsa gidan biki, kowa ya gani ya yi baƙin ciki. Gara suka fito, wannan da ɗan yumɓu a baki, wancan da ɗan yumɓu a baki, suka kama aiki. Kafin rana ta take, hawan farko ya tsaya. Yumɓu bai gama bushewa ba Kurege ya jido manyan sifikunsa ya ɗora, ya ja baya yana kallo, hannu a ƙugu.

Uwar Gara ta ce, “Injiniya, yara sun fara hamma.”

“Tuwo na kan wuta, Inna.”

“Ban ga hayaƙi ba.”

“Murhun zamani ne. Bari in sa muku waƙa kafin ya sauka.”

Ya sa musu waƙa. Uwar Gara ta zagaya babbar sifika, ta shinshina.

“Wannan akwati, wane irin katako ne?”

“Na ƙasar waje ne, Inna. Laushi gare shi, ba irin na Biri ba.”

Ta ce, “Ma sha Allah.”

Washegari aka ɗora hawa na biyu. Kurege ya jido ƙananan sifiku ya jera.

“Injiniya, tuwon fa?”

“Tuwo na kan wuta, Inna.”

“Tun na jiya?”

“Ai na gayya ba a yi masa gaggawa.”

“To, kada ka damu. Mun sami abin taɓawa.”

Kurege ya koma bayan amalanke ya yi dariya har da birgima. Ya ce wawaye, ga aiki kamar jakai, ga ladabi, ga rashin ci. Da ya san haka ai da bene ya sa suka yi masa. Ko sau ɗaya bai tambayi kansa ba, me suka samu suka taɓa a gidan da shi kansa gyaɗarsa a ɓoye yake ci?

Haka aka yi ta yi. Hawa na tashi, tuwo na kan wuta. Hawa na tashi, tuwo na kan wuta. Gara kuwa kullum sai ƙiba suke, suna sheƙi. Har kanta ta kammala, kuma tsakani da Allah ta yi kyau: sumul, ja-wur, kowane kaya da gurbinsa, har da ɗan ramin da waya za ta bi. Kurege ya share sifikunsa da wutsiya. Baƙin fenti na nan yana ƙyalli. Ya dai ji kamar sun ɗan rage nauyi, sai ya ce ƙarfi ne ya ƙaru masa.

Ranar biki ya ɗora komai, sai tsohon rediyon juji kaɗai ya bari a rami, wai zai zubar masa da aji. Ya turo amalanke ta tsakiyar kasuwa, alhali ba hanyar ba ce, don dai Biri ya gani.

Gidan Kura ya cika. Dangin ango sun shiga ɗakin amarya sun fito, kowace gwaggo baki a zumɓure. Ga gado sabo, ga kujeru, ga sif na katako, amma kwanuka a ƙasa. Wata ta ce, “Ikon Allah, mu a garinmu kaji ake ba abinci a ƙasa.” Kura ta ji, ta haɗiye, ta zo ta tsaya a kan Kurege.

“Injiniya, toshe mini bakinsu.”

“An gama, Hajiya.”

Ya haɗa waya da batir. Ya hura makirfo. Ya kama maɓallin sauti ya murɗe shi har ƙarshe, don shi bai san tsakiya ba.

Ganga ta buga sau ɗaya. Dum!

Sai babbar sifika ta yi buf, ta zube. Ta kusa da ita ta yi buf. Ƙanana suka bi sahu, buf, buf, buf. Ashe fenti ne kaɗai a tsaye, cikin duk an cinye. Garin katako ya tashi ya rufe dangin ango, kowace gwaggo ta koma kamar an tsamo ta daga buhun dusa. Da garin ya lafa, babu abin da ya rage sai ƙarafa da wayoyi. Kanta kuwa tana nan tsaye, ko tsagewa ba ta yi ba.

Kurege ya dubi dukiyarsa, hawaye ya zo masa, kuma na gaske ne. Ni kaina a nan na ɗan tausaya masa. Amma babu lokacin kuka, don Kura ta taho tana lasar baki.

Sai idonsa ya faɗa kan tsohuwar lasifikar ƙarfe, wadda haƙorin gara bai kama ba. Ya fizge ta ya kafa a baki.

“Jama'a, guɗa! Guɗa, jama'a! Dangin ango, kun ga yadda manya ke buɗe kaya? Waɗannan akwatuna marufi ne kawai! Ga kantar jeren amarya, wadda Hajiya Kura ta sa aka gina a asirce! Ba katako, ba ƙusa, babu irinta a ƙasar nan! Wa ya ce 'yar Hajiya za ta yi jere a ƙasa?”

Kura ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama. Gwaggwanni suka karkaɗe zane, suka zagaye kanta suna shafawa. Wadda ta yi maganar kaji ita ta fara rangaɗa guɗa. Mata suka kifa ƙwarya a ruwa suka kama kiɗa, aka manta da Injiniya da injinansa. Kowa na cewa Hajiya ta iya, Hajiya ta fita kunya. To, ta yaya za ta cinye mai shelar a gaban surukai?

Ta sunkuyo ta rage murya. “Nawa?”

“Kyauta, Hajiya.”

Kura ta ji kalmar nan har idonta ya kawo ruwa. Ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗan nan.” Kurege ya kai hannu zai kwashe amfilifaya da batir da sauran ƙarafansa, sai ta ɗora masa dagi a kafaɗa.

“Bar su. Za su yi ado a ɗaki.”

“Ai dama abin da zan ce ke nan, Hajiya.”

Aka tura kanta ɗakin amarya da guɗa, aka jingina ta da sabon sif. Kurege na shirin sulalewa, sai Uwar Gara ta leƙo ta ɗan ramin waya.

“Injiniya, tuwon ya sauka?”

“Inna, ai gayyar ta dawo nan. Ga gado, ga kujeru, ga sif. Duk na ƙasar waje.”

Ta ce, “Ma sha Allah.”

Ba a daɗe ba ango ya zauna a bakin gado, ya tsinci kansa a ƙasa. Amarya ta buɗe sif, ƙofar ta biyo hannunta. Tun ran nan Kura ke neman Injiniya. Shi ya sa har yau in kun ga kurege a gona, sai ya ɗan yi gudu ya miƙe tsaye yana leƙe-leƙe, kuma ba ya nisa da rami.

Ramin kuwa ya yi fili, har wutsiya ta sami wurin kwana. Ya kafa ƙusa ɗaya a bango, ita ma tsinto ta ya yi a ƙofar Biri, ya rataye tsohon rediyonsa na juji. Damina ta sauka, ruwa ya shigo ramin kamar yadda ya saba. Ruwan ya zagaya ko'ina bai sami abin jiƙawa ba sai Injiniya.

Ƙurunƙus kan ɗan gara mai ƙoshi.

Darasin kuwa, duk mai neman kanta mai araha ya fara rabuwa da kayan, sai ya ga ƙusa ɗaya ta ishe shi. Sallau, na ga akwatunanka sun fara tokare ƙofa. In Malam Biri ya yi maka tsada ka gaya mini, akwai suri a bayan gida.