Sarkin Da Ake Amsa Wa Gaisuwa

A zamanin da ya shuɗe an yi wani sarki a Birnin Marke, sunansa Jatau, wanda Allah ya hore wa ilimi da haƙuri da sanin shari'a, har talakawa kan baro garuruwa masu nisa don a yi musu hukunci a gabansa. Yana da waziri mai suna Ɗahiru, mutum mai sanyin magana, wanda suka yi karatun allo tare tun suna ƙanana. To, ya ku masu karatu, a fadar nan akwai wata al'ada da aka gada kaka da kakanni: sarki ba ya amsa gaisuwa da bakinsa. Mutum zai faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, an kwana lafiya?" kafin ya rufe baki fadawa sun ɗauka gaba ɗaya, "Lafiya lau! Sarki ya gaishe ka!" Ko da zazzaɓi sarki ya kwana, lafiya lau ne. Fadawa kuwa kun san su, in dai ɗaga murya ne ba sai an tuna musu ba.

Ana nan sai Allah ya yi wa mahaifiyar sarki, Inna Yalwa, rasuwa. Aka yi zaman makoki, jama'a na tururuwa suna cewa, "Ya haƙuri?" fadawa na amsawa, "Da godiya! Sarki ya gode!" Shi kuwa yana zaune, amawali ya rufe masa baki, ko ƙwalla ba a gani ba, kowa na yaba ƙarfin zuciyarsa.

Daga nan sarki ya soma sauyawa. Abinci ya daina yi masa daɗi, fara'arsa ta ɗauke, abin da da yakan yi wa murmushi yanzu sai ya tayar masa da hankali. Masu magani suka taru, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi har fada ta koma warin saiwoyi, amma ina! Ba abin da ya ragu sai naman jikin sarki.

A wata na bakwai da rasuwar, gab da Salla, wani tsohon masaƙi mai suna Nomau ya shigo fada da zanen saƙi mai ratsin ja. Shekara ashirin ke nan sarki na sa shi saƙa wa Inna Yalwa irinsa kowace Salla. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga zanen Inna na bana. Na ce ko za a yi mata sadaka da shi." Nan take fuskar sarki ta rikiɗe. Ya ce a jefa shi kurkuku, bayan kwana uku a ƙone masaƙarsa, a kore shi daga ƙasar shi da iyalinsa.

Zuciyar Waziri Ɗahiru ta karye, don ya san tsohon nan ba shi da laifi, kuma ba shi da inda zai nufa. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ina roƙon alfarma, a duba tsufansa da kyakkyawar niyyarsa."

Sarki ya ce, "Waziri, tunda tausayi ya yi maka yawa, ga abin da zan ɗora maka. Ina da ciwo wanda ba ya kumburi, ba ya zafi, amma ya hana ni jin daɗin ruwan da na sha. Ka gano mini shi da maganinsa cikin kwana ukun nan, na saki masaƙi. In ka kasa, ka kwance rawaninka ku fita tare."

Rana ta farko Waziri ya ƙare ta cikin littattafan hikima, bai sami komai ba sai ciwon wuya. Rana ta biyu ya tafi kurkuku don ya ba Nomau haƙuri, ya same shi zaune yana warware bakin rigarsa yana sake tufka zaren, don hannun da ya saba aiki ba ya iya zama haka kawai.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban riƙe sarki a zuciya ba, maraya ne. Lokacin da tawa tsohuwar ta rasu, na fi wata ina kuka a ramin saƙa. Maƙwabta kan zo su zauna, su ce, 'Nomau, ya jikin zuciya yau?' in faɗa musu gaskiya. Na yi ta ba su labarinta har wata rana na ji ina dariyar yadda take zagin awakinta. Shi kuwa sarki, da wa yake irin wannan hira?"

Maganar nan ta farkar da Waziri. Ya tuna shi kansa ya yi wa sarki ta'aziyya ya fi sau goma, kuma duk fadawa ne suka amsa. Kunya ta kama shi ƙwarai, don abokin ƙuruciyarsa ne, amma wata bakwai bai taɓa jiran amsarsa ba.

Rana ta uku da hantsi ya ce wa sarki, "Allah ya ja zamaninka, na sami maganin, amma ba a shan sa a gaban fadawa." Suka shiga lambun bayan fada su biyu, suka zauna ƙarƙashin wata bishiyar lemo. Waziri ya dube shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ya haƙuri?" Sannan ya ja bakinsa ya yi shiru.

Sarki ya waiga dama, ya waiga hagu, bisa sabo yana jiran a amsa masa. Ba kowa sai kurciya. Shirun ya yi tsawo har gumi ya keto wa Waziri, yana ganin yau kam rawani ya tafi, amma ya daure bai ce uffan ba.

Can sai sarki ya sauke amawali, ya ce da wata murya da Waziri ya rabu da ji tun suna makaranta, "Babu haƙuri, Ɗahiru. Wallahi babu." Ya numfasa. "Ran da za ta rasu ta aiko a kira ni. Ka san ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, cewa ta yi, 'A ce wa yaron nan ya leƙo.' Ina tsakiyar shari'ar wata gona, na ce sai bayan la'asar. Kafin la'asar ta cika. Ban taɓa gaya wa kowa ba." Sai hawaye suka ɓalle masa, Waziri ya bar shi ya yi kukansa har ya gaji.

Da ya natsa, Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ina da ƙara da nake so ka yanke. Wani mutum ne ya yi wa uwarsa biyayya shekara hamsin. Wata rana ta kira shi yana kan raba wasu bayin Allah da rigima, bai san ajali ya zo ba, ya jinkirta sa'a uku. Mene ne hukuncinsa?"

Sarki ya ce, "Ba a kama mutum da abin da bai sani ba. Ba shi da laifi."

Waziri ya ce, "To ga shi an tsare shi wata bakwai ba tare da an saurare shi ba, yanzu kuma wani masaƙi ake shirin kora a kan laifin nasa. Ciwonka baƙin ciki ne da ka kulle, da tuhumar kai da ba a kawo gaban alƙali ba. Maganinsa ka faɗe shi ga wanda zai saurara, ka kuma yi wa kanka adalcin da kake yi wa baƙo. Ba ya warkewa rana ɗaya, amma yau an sha na farko."

Sarki ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya ce, "Ɗahiru, rabon da in ji iska ta kai ƙasan ƙirjina tun ranar." Ya ƙara da cewa, "Kuma yunwa nake ji." Waziri ya yi hamdala har da dariya.

Da azahar aka kawo Nomau fada. Sarki ya nemi gafararsa a gaban jama'a, ya naɗa shi shugaban masaƙan birni, ya karɓi zanen da hannunsa ya ce a kai wa wata tsohuwa da ta yi jinyar Inna. Waziri kuwa, sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa, ya kuma sa doka duk ranar Alhamis su biyu za su zauna a lambu, ba bafade ko ɗaya.

Nomau ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, ya haƙuri?" Fadawa suka cika ƙirji za su ɗauka, sai sarki ya ɗaga hannu, suka haɗiye abinsu. Ya ce da bakinsa, "Da sauƙi, Baba Nomau. Jiya babu, amma yau da sauƙi."

Ku sani, ya ku masu hankali, duk shugaban da ya hana zuciyarsa a saurare ta, wani marar laifi ne zai ɗauki hukuncinta, don haka adalcin mai mulki daga kansa yake farawa.