Makullin Famfon Brimah

Akwai wani mai sayar da injinan mota a unguwar Suame ta birnin Kumasi, ana kiransa Brimah. A gaban shagonsa ya kafa famfo don alwala, ya garƙama masa kwaɗo, wai makanikai da 'yan dako suna ɓata masa wuri.

Matarsa Sajida ta sha ce masa, "Maigida, ruwa ne fa. Ka bar mutane su sha."

"Wanda ba ya sallah me ya haɗa shi da famfona?" Amsarsa ke nan kullum.

Wata shekara ya tafi Japan saro injina. Ranar da zai dawo ya shiga wata babbar kasuwa neman tsarabar Sajida. Yana cikin cunkoso ya duba agogo, ya ga La'asar na shirin kuɓuce masa, ga shi ba shi da alwala. Tun yana yaro bai taɓa yarda ta wuce shi ba.

Tsakanin shaguna biyu ya hango wata jar ƙofa ta katako. Da ya shiga, hayaniya ta ɗauke. Ga itatuwa, ga kwamin dutse cike da ruwa, an jera ludayan gora a kai.

"Alhamdulillah, ashe su ma sun san alwala!"

Ya tsoma hannu ciki, ya kurkure baki, ya ɗora ƙafa a bakin kwamin yana wankewa. Sai da ya ɗago ya ga mutane sun yi cirko-cirko. Wani saurayi ya ce masa da Turanci, "Nan wurin bautar Shinto ne, addininmu na gargajiya. Da ludayi ake ɗiba, ba a sa hannu ciki."

Kunya ta rufe Brimah. Ya tsaya yana jiran a kore shi.

Wata tsohuwa mai shara ta ajiye tsintsiyarta. Ya ɗaga hannuwa daidai kunne, ya nuna mata rana. Ta gyaɗa kai, ta fita da shi zuwa wani lungu mai tsafta a bayan shago, ta shimfiɗa masa kwali, ta ajiye masa bokitin ruwa.

Da ya sallame ya leƙa don ya yi godiya. Ya tarar ta kwashe ruwan kwamin tas, tana goge dutsen da hannu cikin sanyi. Ta dube shi, ta ɗan rusuna, ta ci gaba da aikinta.

A Kumasi Sajida ta tare shi da dariya. "To Maigida, ina tsarabata?"

Ya laluba aljihu, ya sa mata makullin famfon a tafin hannu. Ya ce, "Ga tsarabarki." Da safe ita ta je ta cire kwaɗon.

Darasi: Kada ka hana baƙo abin da wata rana za ka nema a ƙofar wani. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai kwaɗon da ya kamata ya cire.