Geron Da Ya Ƙi Tsirowa

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a.

Ta zo mu saurara, in ta wuce ta bar mu da abin tunawa.

A zamanin da, an yi wani Sarki a wata ƙasa mai babbar kasuwa, wadda fatake ke sauka cikinta daga gabas da yamma. Sarkin nan adali ne, sai dai akwai shi da gajen haƙuri. Abin da ya fi gundurarsa kuwa shi ne shari'ar ciniki. Kullum aka buɗe fada sai a ga masu ƙara sun cika zaure. Wannan ya sayi akuya tun wata bakwai, yau ya jawo ta wai ba ta da nono. Wancan ya sayi riga ya ci Salla da ita, sa'an nan ya tuna ɗinkin bai yi masa ba. Da abin ya ishi Sarki, sai ya sa aka yi shela cewa daga ranar, in mai kaya ya ce ya sallama, mai saye ya ce ya saya, aka fita da kaya ƙofar kasuwa, to ciniki ya ƙare, babu mayarwa har abada.

Wazirinsa, wani dattijo mai suna Hambali, ya ja shi gefe ya roƙe shi ya bar wa dokar 'yar kafa, domin ba kowane aibi ido ke gani a kasuwa ba. Sarki ya ce kafar da aka bari ita ce masu rigima za su mayar ƙofa. Fada kuwa ta huta, har Sarki ya riƙa yi wa Waziri ba'a a kan tsoronsa.

Ana nan sai aka yi fari. A wani ƙauye da ake kira Tsamiya Biyu, tafiyar kwana biyu daga birni, yunwa ta matsa wa mutane har suka sauke zangarniyar da suka rataye don iri, suka daka suka ci. Da bazara ta yi, sai suka haɗa abin da ya rage musu. Mata suka kawo awaki da mundaye, maza suka kawo fatu da 'yan buhunan gishiri. Suka damƙa wa Sarkin Nomansu, wani mutum mai suna Tunau, suka ce ya je birni ya sayo musu irin gero.

Tunau ya zaga kasuwa tun hantsi har la'asar, yana ɗiba yana taunawa. A rumfar wani attajiri mai suna Shekarau ya ga geron da ya kwanta masa a rai, manyan ƙwayoyi, tas, babu ƙwaro ko ɗaya. Ya gaya wa Shekarau cewa iri yake nema, na gari guda, ya maimaita har sau uku. Shekarau ya ce ai ya zo gidan gero. Aka yi ciniki, aka auna, aka ɗora wa jakuna. Shekarau ya raka shi da addu'ar Allah ya ba da damina mai albarka.

Ruwan shuka ya sauka. Mutanen Tsamiya Biyu suka fita da sungumi, babba da yaro, suka shuke gonakinsu cikin kwana biyu. Gero kuwa kwana uku yake yi a ƙasa mai laima ya leƙo. Kwana uku suka wuce, ba a ga kome ba. Kwana biyar, gonakin maƙwabta suka yi shar, nasu ƙasa ja wur. Ran na bakwai Tunau ya durƙusa ya tona rami da yatsa, ya sami ƙwayoyin sun kumbura sun ruɓe. Ya tona na biyu, ya tona na goma, duk haka.

Ba wanda ya zage shi, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Wata tsohuwa da ta ba da akuyarta ɗaya tilo ta tambaye shi kawai ko akwai sauran dabara. Dattawa suka duba sama suka ce in ba a sake shuka cikin kwana goma sha biyu ba, ko an shuka gero ba zai kai ba kafin ruwa ya ɗauke. Tunau ya ƙulle ragowar geron a bakin rawaninsa, ya kama hanyar birni.

Da ya faɗi gaban Sarki ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi, aka aika aka kira Shekarau. Ya zo cikin babbar riga, ko gezau bai yi ba. Ya ce gero aka nema, gero ya sayar, an sallama, an fita ƙofar kasuwa, dokar Sarki kuwa kowa ya ji ta. Tsirowa kuma ba a hannun ɗan kasuwa take ba. Wa ya sani ko kan busasshiyar ƙasa suka zuba, ko tururuwa ce ta kwashe? Ya ƙara da cewa geron nan yana da sauransa har taiki arba'in, manyan buhunan fata, a gida, mutanen birni na saye kullum suna tuwo, ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Aka tambaye shi ko Tunau ya ce masa iri yake nema. Ya ce mai yiwuwa ya ce, kasuwa wurin surutu ne.

Sarki ya dubi Tunau, ya ga ƙafafunsa duk faso, tausayi ya kama shi. Amma ya ce, "Sarkin Noma, maganar Sarki zarar bunu ce. In na warware maka yau, gobe mai akuya zai dawo."

Tunau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ban zo don a mayar mini da awaki ba. Gida sittin ne ke jiran abin da za su sa a ƙasa."

Nan Waziri ya nemi alfarmar kwana uku. Ya sa aka kawo kasko biyu aka cika da ƙasa mai laima. A ɗaya aka zuba geron da ke bakin rawanin Tunau, a ɗaya aka zuba na rumbun fada. Aka ajiye su a zaure inda kowa zai gani.

Kwana ukun nan Tunau bai san ɗanɗanon abinci ba. Yana zaune gindin bango kusa da kasko biyun, in ya gaji da kallonsu sai ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari ya taso ran na biyu, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Tunau ya rasa ko murna zai yi ko baƙin ciki, domin ruwan da ya sauka ba iri a hannu asara ne, wanda bai sauka ba kuma wa ya san ko zai dawo. Kullum da safe yana lissafi da yatsu: biyu sun tafi a hanya, ga uku a nan, ga biyun komawa, ga biyun shuka.

Ran na uku kaskon fada ya fito da tsiro kamar allurai. Ɗayan kuwa ko ɗigo. Fadawa suka fara gyaɗa kai. Amma Shekarau ya leƙa kaskon ya yi murmushi. Ya ce shi bai ga shaidar cewa abin da ya fito daga rawanin baƙauye geronsa ne ba. Ko da nasa ne, wa ya san inda aka ajiye shi, wa ya san ko ruwa ya jiƙa shi a hanya? Kayan da ya bar hannun mai shi wata guda, ai sai mai riƙonsa.

Malaman fada suka dubi juna, suka ce maganar tana da ƙafa. Sarki ya gyara zama zai yanke hukunci.

Sai Waziri ya ce shi ma ya gamsu, Shekarau ya yi gaskiya, geronsa ba shi da laifi. Tunau ya dubi dattijon da ya sa wa rai, dattijon ko kallonsa bai yi ba.

Waziri ya juya ga Sarki ya ce akwai wata 'yar bukata ta fada, tun da ga mai gero a kusa. Gandun Sarki na bayan ganuwa ba a gama shuka shi ba, ga shi kuwa an sami gero mai manyan ƙwayoyi wanda mai shi ya tsaya masa a gaban Sarki. Ya nemi izini ya saye taiki arba'in ɗin nan duka, gobe a shuke gandu da su. Sarki bai gane inda aka dosa ba, amma ya san Wazirinsa, ya ce a saya.

Waziri ya taya da kuɗin da ake sayarwa a kasuwa. Shekarau ya ce, "Albarka," wato bai sallama ba. Ba wanda ya yi mamaki, haka ciniki yake farawa. Waziri ya ƙara rabi. Shekarau ya ce albarka. Waziri ya ninka. Shekarau ya share goshi da hannun riga, ya ce geron nan ya riga ya yi wa wasu fatake alkawarinsa. Waziri ya ce a kira fataken, Sarki zai ba su na rumbunsa, mudu biyu a kan kowane mudu. Ya ninka kuɗin sau uku.

"Albarka, ranka ya daɗe."

"Shekarau, kada ka ji tsoro," in ji Waziri a hankali. "Doka ta tsare ka. In ka sallama aka fita da shi, ko bai tsiro ba Sarki ba zai mayar maka ba. Iyaka dai gandun Sarki ya kwana fayau bana, kowa ya wuce ya tambaya wa ya sayar da irin."

Sarki ya sunkuyo daga kan karaga ya ce, "Tun ina yaro nake ganin 'yan kasuwa, ban taɓa ganin wanda aka ninka wa sau uku yana gumi ba. Me ke cikin geron nan?"

Shekarau ya zube ƙasa. Ya ce geron na guzurin ayari ne. Don kada ƙwari su ci shi a doguwar tafiya, yakan sa a juya shi cikin rairayi mai zafi a manyan tukwane kafin a ɗura a taiki. Ga ci ba shi da na biyu, yana shekara uku bai lalace ba. Amma wuta ta riga ta kashe shi, ko a bakin kogi aka shuka ba zai fito ba.

Sarki ya tambaye shi ko ya san haka ranar da ya yi wa Tunau addu'ar damina. Shekarau ya kifa goshi a ƙasa yana neman gafara.

Sarki ya ga laifin attajiri, ya kuma ga dokar da ya kafa da bakinsa tana tsaye tsakaninsa da adalci. Waziri ya matso ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dokarka ba ta karye ba. Ka ce in an sayar da abu aka fita da shi, babu mayarwa. To Tunau iri ya saya, ya faɗa, mai kaya ya ji ya amsa. Har yau ba a ba shi iri ba. Ba warware ciniki za ka yi ba, cika shi za ka sa a yi."

Fuskar Sarki ta washe. Ya yanke cewa Shekarau ya ba Tsamiya Biyu iri mai rai daidai awon da aka yi, abin da ya ruɓe a ƙasa kuma asararsa ce shi kaɗai. Da yake ba shi da iri, Sarki ya sa a buɗe rumbun fada a auna daga geron da ya tsiro a kasko, Shekarau ya biya fada, ya kuma ba da raƙumansa su kai kayan. Ya sa aka ƙara a shela cewa abin da mai saye ya gani da idonsa ya yarda, ba ya mayarwa. Amma wanda ya faɗi abin da zai yi da kaya, mai kaya ya amsa alhali ya san ba za su yi ba, ko ya ɓoye aibin da ido ba ya gani, to cinikin na wuyansa har sai ya cika.

Tunau bai tsaya jin ƙarshen shelar ba. Kafin azahar raƙuma sun fita ƙofar gari, yana gaba yana sauri har masu jan akala na roƙonsa ya sassauta. Ran na biyu da la'asar, suna hango tsamiyoyin ƙauye, hadari ya haɗo. Suka lulluɓe taikunan da fatu, Tunau ya tuɓe rigarsa ya ƙara a kai, suka shiga gari ruwa na dukansu.

Da gari ya waye aka fita da sungumi, har tsohuwa mai akuya tana bin layi tana zuba iri tana takewa da diddige. Suka gama ana saura kwana uku cikin kwanakin da dattawa suka ƙidaya. Tunau bai yarda ya yi murna ba. Kwana biyu yana zaga gonaki hannu a baya.

Ran na uku da sassafe ya tafi gonar da ke can ƙarshen gari, ya durƙusa, ya kwantar da kumatunsa kusa da ƙasa yana duban layin shuka ta gefen da rana ke fitowa. Ga su nan, sirara, kore, layi bayan layi har bakin daji. Ya zauna a kan kunya, ya aika gida a kawo masa fura, ya ce a dama da yawa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don gizo ba da na yi muku ƙarya, wanda kuwa ya ce na yi, ya je Tsamiya Biyu ya tambaya.