Dalilin da Ya Sa Tsohuwar Mota Ke Yin Tsit a Gaban Bakanike

Dalilin da ya sa tsohuwar mota ke warkewa da zarar ta hango bakanike, shi zan gaya muku yau, tunda kun ishe ni da dariyar motar babanku. Kun dai gani da idonku: tun daga ƙofar gida take tari, tana ƙwaram-ƙwaram kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, amma ana shiga gareji sai ta yi lakwas, bakanike ya tsaya yana kallon mai ita kamar wanda ya zo da ƙarya. To ba haka kawai ba ne. Ku gyara zama, kai kuma cire yatsan nan daga hanci.

A can da, motoci magana suke yi da baki, ras, kamar ni da ku. In mota ba ta jin daɗi sai ta ce, "Maigida, birkina ya cinye," ko "Maigida, ƙishi nake ji." In kuma za a sayar da ita, mai saye ya zo da bakanikensa, bakanike ya dafa ta ya ce, "Baiwar Allah, ina ke miki ciwo?" Ita kuma ta zayyane komai. Ko bayan an biya, in bakanike ya ji wani aibu daga bakin mota, ciniki ya warware, kowa ya karɓi abinsa. Saboda haka dillalan mota na zamanin duk ramammu ne, ba mai tumbi ko ɗaya.

A wani gari da ake kira Gidan Rimi akwai wani manomin albasa, sunansa Sallau. Dukiyarsa a duniya biyu ce: shanun huɗa guda biyu da suke noma masa abin da gidansa ke ci, da wata farar akwala da yake kai albasa kasuwa da ita. Sallau fa ba mugu ba ne, amma hannunsa kamar an ɗaure da jijiya. In mota ta ce, "Maigida, tankina na yoyo," sai ya ɗauko sabulun wankin matarsa Kulu ya liƙe. In ta ce lagireto, wato ma'ajin ruwan inji, ya huje, ya fasa ɗanyen ƙwai ya zuba a ciki. Ƙofa ta saki, ya ɗaure da waya. Man birki ya ƙare, ya kaɗa ruwan kumfa ya ɗura. Gareji kuwa, sai dai ya wuce ta gabansa ya ɗaga wa Jatau bakanike hannu daga nesa.

"Maigida," in ji mota wata rana, "ƙwan nan da kake ɗura mini, da ka soya ka ci ai da ya fi mana amfani mu duka."

"Rufe mini baki," in ji Sallau. "Tafiya dai ba kina yi ba?"

Tafiya kam tana yi, in an tura. Duk majalisar da ke Gidan Rimi ba wadda ba ta tura motar Sallau ba. Har ta kai in aka ji tarinta daga nesa, sai ka ga dattawa na miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da uzuri a gida. Abin nan ya yi wa Sallau ciwo ƙwarai. Ya ƙudura a ransa sai ya rabu da ita, ya sayi lafiyayya wadda za a murɗa makulli ta tashi a gaban jama'a.

Ya wanke ta tas, ya kai ta birni. Mai saye ya zo da bakanikensa, aka dafa ta aka tambaye ta. Wayyo! Kamar jira take. Ta fara daga sabulu, ta gangaro kan ƙwai, ta faɗi waya, ta faɗi ruwan kumfa, har da ranar da birki ya ƙwace ta shiga rumfar mai tsire. Ba ta kai rabi ba mai saye ya kama hularsa ya yi gaba, bakanike kuwa dariya har da riƙe ciki.

A hanyar komawa Sallau ya tsaya daidai wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe su farfasa. Ana ta dukan wata tsohuwar mota da guduma, an cire mata ƙofofi, an zazzage cikinta a ƙasa.

"Kin ga waccan?" in ji shi. "Tunda bakinki ya hana a saye ki da rai, gobe nan zan kawo ki a saye ki a kan sikeli."

Mota ta ce, "Maigida, ka yi wa Allah! Me kake so in yi?"

"Ki rantse. Daga yau, in dai akwai bakanike a wuri, ba magana, ba tari, ba ƙara. Ki daure ki yi kamar jiya aka ƙera ki."

"Har yaushe?"

"Har abada!" in ji Sallau, don a lokacin ransa a ɓace yake, kuma yana ganin kwana nawa ne ya rage musu tare.

Mota ta yi rantsuwa irin tasu ta ƙarafa, wadda ba a warware ta: "In na sake buɗe baki a gaban bakanike, tsatsa ta cinye ni tun daga bamba har salansa."

Ranar kasuwa ta zagayo, Sallau ya ɗura mata baƙin mai mai kauri kamar kunu, ya sake kai ta birni wurin wani dillali, Ɗan'azumi, siriri kamar sillen kara. Bakaniken Ɗan'azumi ya dafa ta ya yi tambaya. Shiru. Ya sake tambaya. Shiru. Aka tayar da ita, ta cije ta yi ta kiɗa sumul.

"Ikon Allah," in ji bakanike. "Wannan ba ta magana ne?"

"Mai lafiya me za ta ce?" in ji Sallau. "Kai in ba abin da ke damunka, zuwa kake asibiti ka yi ta surutu?"

Bakanike ya sosa ƙeya ya ce gaskiya ne, shi dai bai taɓa ganin irinta ba. Aka yi ciniki, aka tafa. Sallau ya hau motar haya ya dawo gida yana dariya shi kaɗai, har fasinjoji na matsawa daga kusa da shi.

Sai dai abin da ya samu bai isa sayen lafiyayyar mota ba. Sai ya fara zagaya turken shanu yana kallonsu ta gefen ido. Kulu ta gane take-takensa.

"Malam, kada ka soma," in ji ta. "Shanun nan su ne tuwonmu. Damina na ƙofa, da me za ka yi huɗa?"

"Ke ba ki san harka ba. Mota mai lafiya, kafin ruwa ya sauka ta mayar mini da shanu har da riba."

"In ba ta mayar ba fa?"

"Kulu, mutumin da ya sayar wa dillali waccan akwalar, shi za a koya wa ciniki?"

Ya kaɗa shanu kasuwa, Kulu na tsaye a ƙofar gida tana share hawaye da bakin zane. Bayan 'yan makonni ya haɗa abin da ke hannunsa, ya ɗauki Jatau bakanike, suka nufi wata babbar kasuwar motoci a wani gari can daban, don kada ya haɗu da Ɗan'azumi.

Motoci jere reras. Jatau na dafawa suna faɗin gaskiya. Wannan ta ce injinta na shan mai. Waccan ta ce ta taɓa kwana cikin kogi. Wata ta ce, "Ni dai lafiyata ƙalau, tayoyina ne suka suɗe, in an canza shi ke nan." Jatau ya ce a ɗauki wannan, gyaranta kaɗan ne. Sallau ya taɓe baki, ya ce shi ya gaji da mota mai ƙorafi.

Can ƙarshen layi sai ga wata koriya shar, tana walƙiya, kujeru sun sha sabuwar riga, har da ɗan turare a rataye. Jatau ya dafa ta ya tambaya. Shiru. Aka murɗa makulli, ta tashi tun kafin a saki.

"Wannan ai ba a magana," in ji dillalin wurin. "Wata hajiya ce ke hawanta, daga gida sai gidan biki. Ba ta taɓa ganin hanyar ƙauye ba."

Na ga kuna zunɗen juna, kun gane ko? To ku yi shiru, shi bai gane ba. Ya dai ɗan ji wani abu ya ɗarsu a ransa, amma sai ya ce da kansa, wannan dabarar ai ni kaɗai na san ta a duniya, kuma tawa fara ce, wannan koriya. Ya zazzage kuɗin akwala da kuɗin shanu gaba ɗaya, ya karɓi makulli.

Tafiya ta yi daɗi. Jatau na gefe yana gyangyaɗi, mota na shan kwalta ba ko tari. Sallau ya sauke Jatau a garejinsa da ke bakin gari, ya gyara hula, ya nufi majalisa don a gan shi. Yana fara hawan tudun shiga gari, sai ya ji "uhu-uhu-uhu," mota ta yi jijjiga, ta saki baƙin hayaƙi, ta mutu. Sai wata murya da ya sani kamar yunwar cikinsa ta ce:

"Wash! Na gaji da daurewa. Maigida, barka da rana. Ya Kulu?"

Sallau ya ƙura wa sitiyari ido. "Ke ce?"

"Ni ce mana. Ɗan'azumi bai kai ni gida ba na mace masa a hanya. Da ya gane abin da ke nan, bai yi fushi ba, dariya ya yi, ya ce Allah ya kawo kasuwa. Ya kai ni wurin mai fenti, ya tura ni wurin abokin sana'arsa. Af, tankin nan fa ya soma yoyo, ko akwai sabulu a gida?"

Dattawan majalisa ne suka turo koriyar mota har ƙofar gida, suna haki suna cewa su fa nauyin nan kamar sun san shi. Kulu ta leƙo, ta ji mota ta gaishe ta, ta juya ta koma ciki.

Amma Sallau yana da sauran dama guda. In Jatau ya ji aibu daga bakin mota, ciniki ya warware, ya karɓi kuɗinsa ya fanso shanu kafin ruwa ya sauka. Washegari ya durƙusa a gabanta, babba da shi, ya ce, "Don girman Allah, in mun je, ki faɗa wa Jatau komai. Na yafe rantsuwar."

"Kai ka yafe, tsatsa ta yafe? Kai ka ce har abada. Kuma tsaya in tambaye ka, Maigida. Shekarun da na yi ina faɗa maka gaskiya, me na samu? Waya da ɗanyen ƙwai. Shirun da na yi na ɗan lokaci kuwa, dubi jikina, dubi kujeruna. Har turare aka rataya mini."

Ya dai ja ta zuwa gareji, tana tari tana tusa duk hanya. Suna shan kwanar gareji ta yi tsit. Jatau ya saurara, ya zagaya da ita, ya dawo ya ce lafiyarta ƙalau. Suna barin wurin ta dasa daga inda ta tsaya. Sallau ya juyo da gudu, ta sake yin tsit. Haka ya yi ta safa da marwa, yana rantse-rantse yana kwaikwayon ƙarar da bakinsa, "Wallahi yanzun nan take yin ƙwaram-ƙwaram!" Daga ƙarshe Jatau ya ja shi gefe ya ce, "Malam Sallau, tsakanina da kai, motar nan ba abin da ke damunta. Kai ne dai ya kamata a duba."

Ya koma wurin dillalin da ya sayar masa, dillali ya ce, "Bakanikenka ka zo da shi ko nawa? In ta faɗa da bakinta a gabansa, ga kuɗinka." Sallau ya lura har dillalin ya fara ajiye ɗan tumbi.

Ruwa ya sauka. Kowa ya fita da shanunsa, Sallau ba ko ɗan maraƙi. Da abin ya ishe shi sai ya tura mota gona, ya ɗaura mata garma a baya, ya ce tunda ita ta cinye shanu, ita za ta yi aikinsu. Ya murɗa makulli, ta ce ita fa sai an tura. Masu wucewa suka tsaya a bakin gona suna kallo: Kulu a kan sitiyari fuska a murtuke, garma a baya, Sallau ya kafa kafaɗa yana nishi cikin taɓo. Shi ne inji, shi ne sa. Kunya biyu ya iya ja a ranar, ya zube a gindin taya yana kuka wiwi, yana kiran sunayen shanunsa.

Labarin fenti da turare kuwa ya bazu a tasha. Tsofaffin motoci suka ce ashe haka abin yake, mu muna nan muna faɗin gaskiya ana ɗaure mu da waya? Ɗaya bayan ɗaya suka yi irin rantsuwar, har magana ta ɓace musu gaba ɗaya, sai tari da ƙara suka rage.

Shi ya sa har wa yau tsohuwar mota ke ajiye ciwonta sai ta keɓe da mai ita a kan hanya, ta ga bakanike kuma ta yi lif, dillalai na ta ƙara faɗin riga. Don haka gobe in kun ga babanku a gareji yana ƙwaram-ƙwaram da baki, kada wanda ya yi masa dariya, ba ƙarya yake ba. Ku dai ci tuwo ku ƙoshi, don a hanyar dawowa ku za ku tura.