Ragon da Ba Shi da Hular Kwano

Allah Ya bai wa Sallau 'ya mace, ya ɗauko ragon suna a bayan babur. A shingen bakin gada wani jami'in hanya ya tare shi, idonsa na kan ragon tun daga nesa.

"Kai ka sa hular kwano. Ina ta fasinjanka?"

"Yallaɓai, rago ne."

"Duk mai rai da ya hau babur fasinja ne. Ka sa masa hula yanzu, ko ya kwana a hannunmu."

Ga ƙaho kamar ƙotar gatari, suna kuma gobe da safe. Sallau ya nuna wani ɗan abu mai ƙyalli a ƙirjin jami'in.

"Wannan ce sabuwar kyamarar da manyanku ke kallo daga ofis?"

"Ita ce. Ba abin da ke wuce ta."

"Madalla, ta ji ka ce fasinja ne."

Sallau ya kwance ragon ya sauke shi, ya riƙe igiya.

"To, fasinja ya fasa hawa, da ƙafarsa zai ƙarasa. Mai tafiya a ƙasa ma hula yake sawa?"

"Kar ka raina min hankali. Dabba ce, kaya ce."

"Na gode, yallaɓai. Kaya kuwa ba su sa hula."

Jami'in ya dubi ƙirjinsa, ya ɗage shinge. Sallau ya sake ɗaure ragonsa.

"Gobe ka zo suna, yallaɓai, ka ɗanɗana na halal ka ji bambanci."