Gidan Bugun Mantau

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da cewa a birnin Tsaunin Gwauro an yi wani sarki mai suna Jatau. A zamaninsa birnin ya cika da masu sana'a, maƙera na dukan ƙarfe, makaɗa na kiɗa, har mutane suka dami fada da kukan hayaniya. Sarki ya sa aka yi shela cewa duk wanda ƙarar sana'arsa ta hana maƙwabcinsa sakat, a rufe wurin.

An ce akwai wani attajiri, Mantau, mai fataucin rawuna da riguna. Yana da gidan bugu, inda mazaje ke zama suna bugun rinannen yadi a kan kututture har ya yi sheƙi. Wani abokin gasarsa a kasuwa, Nomau, wanda gidansa ke can ƙarshen layi, ya kai ƙara cewa bugun ya hana shi zaman gida. Dogarai suka zo, suka tsaya a bakin ƙofar gidan bugu, suka ji kamar kunnensu zai fashe, suka rufe wurin. Ga salla ta gabato, mabugan da ke ci da iyalinsu a nan suka zauna ba aiki.

Mantau ya tafi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hatsi da mudu ake auna shi, yadi da kamu. Ni da me aka auna laifina?"

Sarki ya dubi Waziri Barau. Ya ce yana son a kawo masa ma'aunin ƙara, in babu kuwa zai janye dokar.

Waziri ya nemi izini, ya ba da labarin wani gari da ya taɓa sauka yana saurayi. Ya ce su ma suna da irin wannan doka. Alƙalinsu tsoho ne, jinsa ya yi nauyi, duk ƙarar da aka kai masa sai ya je ya saurara, ya ce bai ji abin damuwa ba. Marasa lafiya suka wahala, wasu suka ƙaura. Da ya rasu aka naɗa wani mai fama da ciwon kai, ko dakan turmi ba ya iya jurewa. Shi kuma ya kori maƙera daga garin, damina ta zo babu mai gyara fartanya. Waziri ya ce dukansu biyu masu tsoron Allah ne, dokar kuma ba a sauya mata ko kalma ba, amma kowannensu kunnensa ya mayar ma'auni.

Sarki ya tambaye shi mafita. Waziri ya ce a daina aunawa a bakin ƙofar mai sana'a, domin ba can mai ƙara yake kwana ba. A je ɗakin wanda ya yi kuka, a lokacin da ya ce ana damunsa. A shimfiɗa tabarma, mutum biyu masu lafiyar ji su zauna a kai, ɗaya ya yi magana da muryar hira, ɗayan ya maimaita abin da ya ji. In ya maimaita daidai, ƙara ba ta wuce kima ba. In sai an ɗaga murya, ta wuce.

Washegari da hantsi aka buɗe gidan bugu, aka ce mabuga su yi aiki kamar kullum. Waziri ya kai shaidu biyu zauren Nomau. Ɗaya ya yi magana a hankali, ɗayan ya maimaita ba kuskure. Bugun daga nan ana jinsa ne can nesa. Nomau ya sunkuyar da kai.

Mantau ya fara godiya ke nan sai Waziri ya ce da saura, ya tambaya wa ke zaune a bayan katangar gidan bugu. Aka ce wata tsohuwa ce, Gwaggo Tabawa, tana jinyar mijinta. Ba ta taɓa kai ƙara ba. Suka yi sallama suka shiga. A ɗakinta shaidun suka kasa jin juna, sai da ɗaya ya sa baki a kunnen ɗan'uwansa. Da aka tsayar da bugun, Waziri ya tambaye ta me ya hana ta magana.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yan mutane ke cin abinci a wurin. Abin da ke damuna kawai, in Malam ya kira ni ya nemi ruwa ba na ji. Shi ya sa nake yini ina kallon bakinsa."

Mantau ya tsaya kamar an dasa shi. Ya yi shekara da shekaru yana gaishe ta a hanya bai san halin da take ciki ba. Da suka koma fada, kafin kowa ya yi magana ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni na nemi ma'auni, kuma ya kama ni." Ya roƙi a bar shi ya mai da kututturan bugu filinsa na bakin marina, kuma bai bari an sake ɗaga guduma a tsohon wurin ba ko na yini guda.

Sarki ya tsawata wa Nomau, ya yi wa Waziri alkyabba, ya sa wannan awo ya zama dokar birni.

Masu ruwaya suka ce darasin shi ne, ƙara a wurin wanda take faɗa wa ake auna ta, kuma mai mulki ya riƙa leƙa gidan da bai kawo kuka ba.