Randar Elguja

An yi wani mutum a wani ƙauye na ƙasar Kaheti. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa suna raye kuma ba su yi laifin komai ba. Mutanen gari suna ce masa Mai Harshe, don in ya kurɓi ruwan inabi ya juya shi a baki, sai ya gaya maka shekarar da aka matse shi da tudun da ya fito. Baiwa ce daga Allah. Amma shi yabon mutane ya fi so a kan baiwar.

Yana da wa. Shekarar da matar wan, Tsiyala, ta haifi ɗansu Elguja, baƙin inabi ya yi albarka. Wan da maƙwabcinsa Shalva suka tattake shi tare, suka raba. Wan ya cika randa guda da ke binne a ƙasa har wuya, ya ɗora dutse a bakinta, ya liƙe da yumɓu, ya bi da yashi. Kun san al'ada, randar yaro ba a taɓa ta sai ranar aurensa.

Elguja na da shekara bakwai uban ya kwanta ciwon ajali. Ya kira ƙaninsa ya ce, "Ga randar yaron nan. Ka riƙa jiƙa yumɓun, kada ya tsage." Ɗakin randuna ya koma hannun Mai Harshe. Shekara goma ya riƙe amana, gaskiyarsa ce, ba zan hana shi ba.

Sai wata ranar Ista ya yi baƙi daga birni. Ɗayansu ya ɗanɗana abin da aka zuba masa, ya taɓe baki ya ce, "Haba maigida, wannan jaririn ka kawo mana? Ai ko yaye shi ba a yi ba." Aka kwashe da dariya.

Ya 'yan uwa, dariyar baƙo kwana nawa take yi? Amma zuciya ta ɗebe shi. Ya ɗauki ludayi mai dogon hannu, ya share yashi, ya fasa yumɓun ɗan'uwansa. Ya ɗebo ruwan inabi baƙi wuluk, mai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Baƙi suka sha, sannan suka miƙe tsaye. Suka ce, "Na wane ne?" Ya ce, "Nawa ne."

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Shi ya fi kowa sanin iska ita ce abokiyar gabar randa, in aka ɗiba aka bar giɓi to an ba tsami masauki. Sai ya cike gurbin da sabon inabi, ya liƙe. Da baƙi suka sake zuwa ya sake fasawa. Daga baya ya fara cikewa da ruwa. Don gaggawa kada a gan shi, ludayin nan ko ɗauraya ba ya yi masa, da shi yake tsomawa cikin nasa randunan. A ƙarshe ya daina buɗe ta, ba don tuba ba, don tsoron abin da harshensa zai gaya masa.

Ita kuwa Tsiyala, kowace sabuwar shekara sai ta kawo masa dafaffen talotalo ta ce, "Ƙanin miji, ga ladan gadi. Allah ya saka." Yana karɓa yana ci.

Da Elguja ya cika ashirin da huɗu aka sa ranar aurensa. Tsiyala ta zo ta ce, "To mai tsinin harshe, me zan dafa wa tsohon inabin nan don kada ya raina ni?"

Nan ce ƙofar da Allah ya buɗe masa. Da ya faɗi gaskiya a ranar, da mace ɗaya ce za ta ji. Amma sai ya gyara zama ya ce, "Tsiren rago, a gasa shi da busassun rassan inabi. Gishiri da albasa kawai, kada ki cika yaji ki binne masa ƙamshi. Sai tsohon cuku da gurasa mai zafi." Ta bi maganarsa tiryan-tiryan.

Ranar biki da hantsi, hayaƙin tsire ya cika gida, dangin amarya sun hallara. Shalva, wanda ya tsufa a lokacin, shi ne shugaban teburi, mai jagorantar shan inabi a wurin biki. Aka ɗunguma zuwa ɗakin randuna. Shalva ya durƙusa, ya dubi yumɓun, ya ga liƙi kan liƙi. Ango ya ɗaga dutse. Sai warin tsami ya bugi kowa, ga farar yana ta rufe saman ruwan.

Shalva ya cika ƙahon sha, ya miƙa wa Mai Harshe ya ce, "Kai ne gwani. Faɗa mana shekararsa."

Ƙaho dai ba ya zama a kan teburi, wanda ya karɓa sai ya shanye. Haka ya tsaya gaban surukai yana haɗiyar tsamin nan har ƙasa, hawaye na zuba. Kawun amarya ya toshe hanci ya ce, "Surukai, wannan na sha ne ko na jiƙa kabeji?" Ba wanda ya yi dariya.

Tsiyala ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi ta ce, "Ashe talotalona ɓarawo nake ciyarwa."

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Amma ku ji ikon Allah. Shalva ya dafa kafaɗar ango ya ce, "Ɗana, ɗaga kanka. Ni da ubanka muka tattake inabin shekarar nan, muka raba biyu. Nawa rabin na liƙe shi don 'yata, ita kuwa ba ta kai ga tafiya ba ta koma. Na kasa buɗewa, na kasa zubarwa. Ashe kai randar take jira. Ku biyo ni."

Aka tsallaka katanga, aka fasa yumɓun da hannu bai taɓa fasawa ba. Ƙamshi ya tashi har waje. Aka zuba wa ango, ya gutsuri tsire mai zafi, ya kurɓa. Da fari ya kama masa harshe, sannan ya saki, maiƙon naman ya bi shi ya narke. Ya ce, "Inna, yau na ɗanɗana aikin hannun Baba." Tsiyala ta kama hannun Shalva, sai godiya ga Allah take ta maimaitawa. Kawun amarya ya shanye nasa ya ce, "Na janye kabejina." Sannan aka yi dariya.

Shi fa Mai Harshe? Kafin kaka, randunansa suka yi tsami ɗaya bayan ɗaya, duk inda ludayin nan ya shiga. Da lokacin tsinkar inabi ya yi ya kira gayya, ba wanda ya zo. Tsuntsaye suka ci rabi, rabi ya ruɓe a reshe. Ba a sake miƙa masa ƙaho a wani teburi ba har ya bar duniya. Tsiyala kaɗai ke aika masa da akushi ranar Ista, ta ce ɗan'uwan mijinta ba zai kwana da yunwa ba.

Ya 'yan uwa, me ya ci riba da shi? Yabon baƙin da suka manta sunansa tun a hanya. Kowannenmu akwai randar wani a hannunsa, ta maraya, ta maƙwabci, ta wanda ya mutu yana ganin ya bar ta a hannu nagari. Kada ka ce ludayi ɗaya ne, giɓin ludayi ɗaya ya ishi iska shiga. Mu kuma gode wa Allah da yake ajiye wa maraya rabonsa a bayan katanga tun bai san yana buƙata ba.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya sa ranar da za a ɗaga dutsenmu a tarar da liƙi ɗaya. Amin.